Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Lafiya: A Waiwayi Masu Dajin Kaluluwa da na Fata

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, da shugabannin Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, wato NICRAT, waɗanda maganar nan ta shafe su kamar yadda ta shafe ka, ina roƙon a ara mini kunne na ɗan lokaci.

Ni malamin makarantar sakandare ne. Abin da na sani game da ciwon daji a barandar asibiti na koye shi, cikin wata 14 da na yi ina jinyar ƙanena, wanda Allah ya halitta zabiya, har ya koma ga Mahaliccinsa. A barandar nan na san iyayen yara masu kumburin muƙamuƙi, na san tsofaffi masu gyambon da ya ƙi warkewa, na san samarin da kaluluwa ta cika musu wuya. Mun ci a kwano ɗaya, mun ranta wa juna kuɗin gwaji, mun yi wa juna gaisuwar mutuwa. Da yawunsu nake wannan rubutu, waɗanda suka rage da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Yabon gwani ya zama dole. Mun ga an buɗe sababbin cibiyoyin maganin daji a Katsina da Inugu da Benin a watan Yulin 2025, kuma duk wanda ya taɓa bin layin gashi, wato maganin daji da hasken na'ura, ya san darajar kowace na'ura guda da aka ƙara. Allah ya saka da alheri. Sai dai tsakanin ƙofar gidan talaka da ɗakin da na'urar take akwai ƙofofi da yawa, kuma a bakin waɗannan ƙofofin ne mutanenmu suke ƙarewa.

Kukanmu na farko a kan Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji ne. Tun da aka fara shi a 2021, a kan daji uku aka gina shi: na mama, na bakin mahaifa, da na maza da ake kira furostet. Ba mu da ja a kan waɗannan, su ne suka fi yawa, kuma iyayenmu ne da 'yan'uwanmu suke fama da su. Amma dajin kaluluwa, wanda likitoci ke kira limfoma, da dajin fata, ba sa cikin ukun. Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗannan biyun suna cikin dajin da aka fi samun nasarar warkar da shi idan an kama shi da wuri, kuma yara da matasa ne da yawa daga cikin waɗanda suke kamawa. Na ga magidanci ya tafi ofishin walwala na asibiti da takardunsa a hannu, ya dawo ya zauna bai ce uffan ba. Da na tambaye shi, sai ya ce an gaya masa ciwon ɗansa ba ya cikin jeri. Washegari ya aika gida a sayar da shanun huɗarsa.

Na biyu shi ne jinkirin gano cutar. Kaluluwa kowa ya san ta. Yaro ya ji ciwo a yatsa, sai ta fito masa a hammata ko a matsematsi, ciwo ya warke ta koma. Amma akwai wadda ba ta zafi, ba ta komawa, kullum sai ƙaruwa, in ka taɓa ta ka ji ta kamar roba. Wani lokaci tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufar dare mai jiƙa zanin gado, da rama. Waɗannan alamomi su ne kuma alamomin tarin fuka na kaluluwa, kuma nan gizo ke saƙa. Maganin tarin fuka kyauta ne a ƙasar nan, ɗiban tsoka a kai gwaji kuwa sai da kuɗi, sau da yawa ma sai an bar gari. Saboda haka ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti yakan bi hanyar da ta fi sauƙi. Saurayin da gadonsa yake kusa da na ƙanena, ɗan shekara 22, wata 6 cur ya yi yana shan maganin tarin fuka, wuyansa na ƙara cika, ba wanda ya ce a yanki kaluluwa ɗaya a duba. Ranar da aka duba, ciwon ya riga ya sauka ciki.

Kuma ko an yanka, sunan limfoma kawai bai isa a fara magani ba, domin ba iri ɗaya ba ne. Akwai na Hodgkin, wanda aka sa wa sunan likitan Ingila da ya bayyana shi a 1832, akwai kuma sauran da ba na Hodgkin ba, su ma iri-iri ne masu yawa. Wani yana tafiyar hawainiya shekara da shekaru, wani cikin makonni yake kayar da mutum. Ana rarrabe su ne da wani gwajin rini na musamman da ke nuna alamomin da ke jikin ƙwayar cutar. Misali, sai an ga alamar da ake kira CD20 kafin a san ko maganin rituximab zai yi amfani. Asibitoci kaɗan ne ke yin wannan gwaji, don haka sai a ba mai jinya tsokar ɗan'uwansa a cikin 'yar kwalba ko a ɗan dunƙulen kakin, a ce ya nemi inda zai kai.

A nan ne nake so mai girma Minista ya tsaya ya dubi yara. Akwai nau'in da Dakta Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ke ɗauke da sunansa, kuma ya fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin tamu. Yakan kama yaro ɗan shekara 5 ko 7 a muƙamuƙi ko a ciki. Uwa za ta zaci hangum ne ko ciwon haƙori, har sai ta ga haƙora sun fara girgiɗi, ido ya fara turowa. Wannan ƙari yana iya ninka girmansa cikin kwana 1 ko 2. Yanzu a auna wannan saurin da sakamakon gwajin da ke ɗaukar mako 4 kafin ya fito. Alhali kuwa shi wannan nau'in galibi ba ya ma buƙatar gashi. Ƙarin ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, yake so da gaggawa, da jini, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da kulawa. Na ga yaron da fuskarsa ta karkace gefe guda, aka sa masa ruwan farko, kafin mako ya zagayo kumburin ya saɓe kamar an sace iska. Uwarsa ta yi ta kuka don murna. Sun karɓi zagaye biyu, kuɗi ya ƙare, suka koma ƙauye. Ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shiri a 2018 na ganin aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna rayuwa nan da 2030, kuma limfomar Burkitt da ta Hodgkin suna cikin cututtuka 6 da ta sa a gaba, saboda an san ana iya warkar da su. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan yara suna tashi. Shekarar 2030 tana bakin ƙofa.

Na uku, sanin matakin da ciwo ya kai. Mutanenmu in sun ji an ce mataki na kaza sai gabansu ya faɗi, suna zaton hukuncin kisa ake karanta musu, alhali ma'auni ne da likita ke zaɓar magani da shi. Tsarin da aka fi sani na limfoma an tsara shi ne a garin Ann Arbor na Amurka a 1971. Mataki na 1, ciwon yana rukunin kaluluwa ɗaya. Na 2, ya kama rukuni biyu ko fiye, amma duk a gefe ɗaya na tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Na 3, ya tsallaka sama da ƙasan tantanin. Na 4, ya bazu ya shiga ɓargo ko hanta ko huhu. Ana ƙara harafin B idan akwai zazzaɓi ko zufar dare ko ramar da ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki a wata 6.

Ga amfaninsa a aikace. Mai Hodgkin da aka kama a matakin farko, ba tare da alamun haɗari ba, zagaye 2 na kemo da zama 10 na gashi, wato Gray 20 a ma'aunin hasken, suna iya wadatar da shi, kuma inda ake kama shi da wuri fiye da mutum 9 cikin 10 suna warkewa. Wanda ciwonsa ya bazu kuwa sai ya sha zagaye 6, kuɗi da wahala sun ninka. Likita ba zai san wanne ne a gabansa ba sai da hoton CT na wuya da ƙirji da ciki, wani lokaci da gwajin ɓargo. Idan majinyaci ya kasa biyan kuɗin hoton, ko na'urar ɗaukar hoton ta lalace, dole likita ya yi kirdado. In ya rage magani ciwo ya dawo, in ya ƙara ya ɗora wa jiki nauyin da bai kamata ba. Shi ma gashin ba abin wasa ba ne: budurwar da aka haska wa ƙirji fiye da ƙima tana iya fuskantar dajin mama ko ciwon zuciya bayan shekaru, shi ya sa yanzu ake auna wurin da ciwon yake kaɗai a haska shi. Wannan awo ba ya yiwuwa babu hoto mai kyau.

Na huɗu, dajin fata, kuma nan ne ciwon ya shigo gidanmu. Akwai masu cewa baƙar fata ba ta dajin fata. Gaskiya ne launin fatarmu yana tare mana rana sosai, amma ciwon yana da wasu hanyoyin shigowa. Tsohon gyambo a ƙwauri, ko tabon ƙuna na shekara 20 da ya sake buɗewa, bakinsa ya yi tudu yana wari, yana iya rikiɗewa ya zama dajin da likitoci ke kira sukwemos. Baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, wanda manomi zai ce ƙaya ce ta taka shi, yana iya zama melanoma, kuma shi da kaurinsa ake auna shi: wanda bai kai milimita 1 ba yanka kaɗai yakan raba mutum da shi, wanda ya wuce milimita 4 kuwa hatsarin bazuwarsa babba ne. Akwai na Kaposi, mai fitowa da tabo masu duhu a ƙafa, galibi ga masu cutar ƙanjamau, wanda ke lafawa da maganin ƙanjamau da kemo, gashi kuma na rage masa zafi da kumburi. Akwai besal, mai ci a hankali a fuska, ba kasafai yake bazuwa ba.

Su kuwa zabaya ba su da wannan garkuwar ta launi ko kaɗan, ga rana irin tamu. Ƙanena noma yake yi, domin a ƙauyenmu ba wata sana'ar inuwa. Abin ya fara ne da ɗan ɓawo mai kaushi a saman kunnensa na dama, in ya ɓantare shi ya sake fitowa. Daga baya na ji daga bakin likitan fata cewa a wannan matakin ba daji ba ne tukuna, sharar fagensa ce, kuma da an ɗiga masa ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, aikin 'yan mintoci, da an kashe maganar. Babu wanda ya san haka a asibitin garinmu. Man shafawa aka ba shi. Da ya zama miki aka kai shi wurin wanzami, aka yi turare, aka sha saiwa. Shekara biyu aka yi a haka. Dajin fata ana auna matakinsa ne da faɗinsa, da zurfinsa, da ko ya kai kaluluwa, da ko ya yi nisa a jiki, kuma wanda ya wuce santimita 2 an fara shiga wani babi. Ranar da muka isa babban asibiti, na ƙanena ya cinye rabin kunne, ga kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi.

Na san za a ce laifinmu ne, mu masu cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Ban musa ba, mun yi sakaci, kuma har kullum ina tuhumar kaina. Amma a tambayi inda wannan magana ta samo ƙarfinta. Mutane sun ga duk wanda aka kai asibiti aka sa masa wuƙa bai daɗe ba ya rasu, ba su san an kai shi ne bayan aikin gama ya gama ba. Ranar da suka fara ganin maƙwabcinsu an yanke masa ɗan miki a kunne ya dawo gona lafiya lau, maganar za ta mutu da kanta.

Na biyar, kuma shi ne ya fi yi mini ɗaci, yankewar gashi. Bayan tiyata aka ce ƙanena zai yi zama 33, Litinin zuwa Juma'a, mako 6 da rabi. Mun jira wata 2 kafin layi ya zo kanmu. Aka narka wata roba mai raga aka ɗora masa a fuska ta ɗauki siffarsa, da ita ake ɗaure kansa a gado kullum don kada ya motsa. Zaman kansa 'yan mintoci ne, ba zafi, ba wuta kamar yadda sunan gashi ke sa mutane zato. A zama na 12 kaluluwar ta fara laushi, har ya fara maganar irin da zai shuka bana. Ranar na 13 muka tarar da takarda manne a ƙofa, na'ura ta lalace. Aka ce a dawo jibi. Jibi ta zama mako, mako ya zama kwana 26, ana jiran wani ƙarfe daga ƙasar waje da injiniyan da zai ɗaura shi.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Ana rarraba hasken ne kaɗan-kaɗan kullum don lafiyayyen nama ya samu sararin farfaɗowa, shi kuwa ciwon a hana shi numfasawa. In aka tsaya a tsakiya, ƙwayoyin da suka rage sai su hayayyafa da sauri, musamman a irin dajin sukwemos, kuma ba a iya sake haska wuri ɗaya yadda aka ga dama, domin nama yana da iyakar abin da zai ɗauka. Mun tambaya ko za a tura mu wata cibiyar. Amsar ita ce can ma sai sabon hoto, sabuwar robar fuska, sabon biya, kuma mu koma ƙarshen layi. Ƙanena ya ƙarasa zamansa 33 daga baya. Wata 4 bayan nan ciwon ya dawo a wuya.

Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani lokaci na jinyarsu, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Na'urar zamani da ake kira linak tana son wutar lantarki marar yankewa da sanyi da gyara a kai a kai. Tsohuwar mai aiki da sinadarin kobal ta fi juriya, amma ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, in ba a sauya shi ba zaman kowane majinyaci ya ƙara tsawo, layi ya ƙara tsawo. Ga kuma ƙwararrun da ke lissafin hasken da masu sarrafa na'urar, waɗanda ba su da yawa tun asali, suna ta ficewa ƙasashen waje.

Ban manta da masauki ba. Mako 6 a garin da ba ka san kowa ba yana nufin kwana a baranda ko a harabar masallaci, cikin hunturu ko damina, da mutumin da fatarsa ta saɓule, bakinsa ya yi gyambo ba ya iya haɗiyar tuwo. Wasu a nan suke karaya su tafi gida, alhali na'urar ma lafiyarta ƙalau.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

A shigar da limfoma, na yara da na manya, da dajin fata cikin Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji, kuma tallafin ya fara tun daga ɗiban tsoka da gwajin rini da hoton gano mataki. Tallafin da sai an kawo sakamakon gwaji kafin a same shi ya bar mafi talauci a waje.

A ba da umarni a rubuce ga cibiyoyin maganin tarin fuka da ƙananan asibitoci cewa duk kaluluwar da ba ta sauka ba bayan 'yan makonni ana magani, a tura mai ita a yanka a duba. A kuma sa wa'adin fitar sakamako, na yara masu kumburin muƙamuƙi ko ciki ya zama na kwanaki. Asibiti ne ya kamata ya aika tsoka ɗakin gwaji ya karɓo sakamako, a daina ba mai jinya kwalba yana yawo da ita a tasha.

Game da zabaya, tun zamanin Shugaba Obasanjo gwamnatin tarayya ta amince a riƙa yi musu maganin dajin fata kyauta a Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Muna roƙon a tabbatar da wannan da kuɗi a cikin kasafi kowace shekara, a kuma shimfiɗa shi zuwa asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Kano da Gombe da Maiduguri da Katsina, domin zabiyan da ke Gwadabawa ko Nguru kuɗin motar Abuja kaɗai ya isa ya zaunar da shi. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kariya daga rana cikin jerin muhimman magunguna. A sa shi cikin namu jerin, a cire masa harajin shigowa, a riƙa raba shi da malfa mai faɗin baki a asibitocin matakin farko. A horar da ma'aikacin jinya ko da guda ne a kowane babban asibitin jiha ya iya duba fatar zabiya sau biyu a shekara, a ba shi tulun naitirojin. Taron ranar 13 ga Yuni, ranar zabaya ta duniya, ya riƙa zuwa da tantin duba fata a kowace jiha.

Kada a sake sayen na'urar gashi sai da yarjejeniyar gyara ta shekaru, da kayan sauyi a ajiye cikin ƙasa, da wutar da ba ta dogara da layin gari ba. A horar da injiniyoyinmu, a biya masu lissafin haske abin da zai zaunar da su. A yi tsari tsakanin cibiyoyi ta yadda in na'ura ta tsaya fiye da kwana 2, duk wanda ya riga ya fara za a ɗauke shi da hotunansa da lissafinsa zuwa cibiya mafi kusa, a sa shi gaban layi, ba tare da sabon biya ba. NICRAT kuma ta riƙa sanarwa duk mako, a rediyo da intanet, da Hausa da sauran harsuna, wace na'ura ke aiki, wacce ta tsaya, kuma layin kowace cibiya ya kai mako nawa, don kada mutum ya sayar da akuyarsa ya yi tafiyar yini guda ya tarar da takarda a ƙofa.

A ƙarshe, a gina masauki kusa da kowace cibiyar gashi, ko da ɗakuna ne masu tabarma da famfo da makewayi, inda majinyaci da mai jinyarsa mutum ɗaya za su kwana har su cika zamansu.

Ƙanena ya bar 'ya'ya uku, ta tsakiyar zabiya ce, shekararta 6. A hannuna take yanzu. Kullum da safe ni nake ɗaura mata malfa kafin ta tafi makaranta, in duba kunnuwanta da bayan wuyanta.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Wassalam.

Daga wani malamin makaranta, a madadin majinyata da masu jinyar dajin kaluluwa da na fata.